Hadiyya Ta Ƙi Katifa

Unguwar Kusugu, Daura
Satumba, 2003

Zuwa ga yayata Murjanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da su Iya. Yaya aikin asibitin Sandamu? Allah ya taimaka.

Yaya, tun da na dawo daga wankan gida ban ƙara sanin inda kaina yake ba. Kin san Bayoloji ce kaɗai ta hana ni shiga makarantar ungozoma, ga jarrabawar gyara ta matso. Wannan ne karo na uku. In na sake faɗuwa, wallahi na haƙura.

'Yar taki ce ta sa ni gaba. Muddin tana hannu, sai ki rantse babu jaririya a gidan. Da bayanta ya taɓa katifa sai ta tsala ihu, har masu ɗiban ruwa a Kusugu sun san muryarta. Malam ya ce sabo da hannu ne, in ba a raba ta da shi yanzu ba za ta lalace. Ya tsara mini lokaci kamar yadda yake yi wa ɗalibansa: in shayar da ita, in kwantar da ita a ɗaki, in ja ƙofa, in fito tsakar gida in yi karatu daga hantsi zuwa azahar.

Na bi maganarsa. Jiya layi ɗaya na yi ta maimaitawa, idona a littafi, kunnena a ɗaki, nono na zuba har ya jiƙa shafin. Da Malam ya dawo daga makaranta ya tambaye ni ɗakunan zuciya nawa ne. Na ce masa ɗaya ne, kuma akwai mai kuka a ciki. Bai yi dariya ba.

Ki ba ni shawara. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Ikilima

*

Sandamu
Satumba, 2003

Ikilima,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Iya na amsawa. Direba Kabo ya kawo mini takardarki, na karanta wa Iya, ta yi dariya har da hawaye.

Ke da Malam ɗinki kun ba ni mamaki. Yarinyar da ta yi wata tara tana jin bugun zuciyarki, yanzu ku ce ta saba da katifa rana ɗaya? Ɗumin jikin uwa abinci ne. A nan asibiti, in aka haifi bakwaini, a ƙirjin uwarsa muke ɗaure shi, fata da fata, kuma a gabanmu yake cika. Ni na goya biyar, nuna mini wanda ya lalace.

Na san har da kunyar 'yar fari ke hana ki. Ki ajiye kunyar sai gaban surukai. Ki goya Hadiyya, ki ɗauki littafi, ki yi ta zagaya tsakar gida kina karantawa da ƙarfi. Kada ki haɗiyi babi guda lokaci ɗaya. Ki karanta kaɗan, ki rufe littafin, ki bayyana mata kamar ita ce ɗalibarki. Inda kika kasa yi mata bayani, nan ne ba ki gane ba, sai ki koma. Hankalinki ba zai zauna a littafi ba sai nata ya kwanta.

Allah ya ba da sa'a.

Yayarki,
Murjanatu

*

Daura
Oktoba, 2003

Zuwa ga mai daraja Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan dubun gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Iya da dukan iyali.

Bayan haka, shawararku ta iso gidana ta rushe tsarina. A fahimtata, ilmi yana son zama da natsuwa. Yanzu kuwa iyalina tafe take tana jijjiga, tana shela kan ƙoda da hanta, har maƙwabcinmu Alhaji Ɗantsoho ya tare ni a masallaci ya ce Allah ya ba mai jiki lafiya.

Adalci ya sa in faɗa cewa kuka ya ɗauke, yarinyar ta yi kumatu, kuma shekaranjiya na yi wa iyalin tambayoyi daga tsofaffin takardun jarrabawa, ba ta faɗi ko ɗaya ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ba a shiga ɗakin jarrabawa da goyo. Mun gwada barin yarinyar wurin matar maƙwabci, ta yi kuka har ta shiɗe. Iyalin ta ce in haka za a yi, ba za ta je ba, domin ko ta zauna ba abin da za ta iya rubutawa. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Ina roƙon ku zo ranar, ku riƙe ta.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Misbahu Ma'aruf

*

Sandamu
Oktoba, 2003

Malam Misbahu,

Wa'alaikumus salam. Na gode da gaisuwa.

Ba zan samu zuwa ba, makon rigakafi ne, muna ƙauyuka. Amma Malam, kai ba ka da ƙirji ne? Muryarka ta sani tun tana ciki. Ka fara tun yau: ka cire singileti, ka sa ta cikin riga, jikinta a jikinka. Ikilima ta tatsa mata nono a kofi mai tsabta, ka koyi ba ta da cokali. Ba wanda rawaninsa ya taɓa faɗuwa don ya rungumi 'yarsa.

Ka gaida mutan gida.

Murjanatu

*

Unguwar Kusugu, Daura
Oktoba, 2003

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma dariya, ki yi haƙuri da rubutun.

An yi jarrabawa! Da farko Malam sai ya sa sakata a ƙofar gida kafin ya ɗauki 'yar taki, kada wani ya shigo ya gan shi. Ranar farko ta ja masa gemu, ta yi masa tumbuɗi. Rana ta uku na leƙo na tarar su biyu suna barci, ita a cikin riga, shi da jan biro a hannu.

Ranar jarrabawa ya ce a gida zai zauna da ita. Na sa hijabi, na kai zaure, ƙafata ta ƙi gaba. Ya dube ni ya ce, "Mu je." Ya zura babbar riga a kanta, muka fita. Ya zauna gindin dalbejiya daidai tagar ajinmu, cikinsa ya yi tulu. Wani tsohon ɗalibinsa ya durƙusa ya ce, "Malam, an yi ƙiba." Sai cikin ya yi atishawa. Yaron ya miƙe zai gudu, Malam ya ce, "Zauna, 'yata ce." Yaya, a gaban mutane ya faɗa!

Ni kuwa a ciki, da aka raba takarda na karanta tambayar farko, kaina ya zama fanko. Na yi salati, na sake karantawa, babu komai. Na ɗaga kai na hango su Malam ta taga, yana bubbuga bayanta a hankali, ita ko motsi ba ta yi. Ban san lokacin da na fara jijjiga a kan benci ba, hannuna na hagu a bayana yana lallashin goyon da babu. Sai ga amsoshi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, da muryar da nake yi mata bayani.

Mai tsaron jarrabawa ta zo kaina ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Na ce, "Da goyo na yi karatun."

Ta dubi tagar, ta dube ni, ta ce, "To jijjiga a hankali, kada ki karya mana benci."

Ban ƙara ɗaga kai ba sai da aka ce a ajiye biro. Saura sakamako, ku taya mu addu'a. Ki gaida Iya.

Ƙanwarki,
Ikilima

*

Daura
Maris, 2004

Zuwa ga Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina yi muku albishir: sakamako ya fito, iyalina ta ci Bayoloji da kyakkyawan maki. Alhamdu lillahi. Allah ya saka muku da alheri.

Akwai wata 'yar matsala. Yarinyar ta fara rarrafe. In na ɗauke ta sai ta ture ni, ta sauka ta bi kaji. Ga takardun ɗalibai sun taru a gabana, na zauna tun safe ban duba ko ɗaya ba, ƙirjina sai ka ce an ɗauke wani abu. Iyalin dariya kawai take yi mini.

Ku da kuka goya biyar, don Allah yaushe suke dawowa?

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Misbahu