Akwatin Tafiyarki

Zuwa ga sanyin idona, inuwata da rana tsaka, ke da muryarki ta fi mini ruwan randa bayan yinin aiki,

Gaisuwa daga kafintan nan naki, wanda ya jawo wa kansa da bakinsa.

Kin tuna ranar da kika biyo shagona daga kantin magani, kika zauna a bencin da ban gama gogewa ba, kika ce kin gaji da miƙa ƙwayoyi ta taga? Ni kuwa uban shisshigi, da safen na ji a rediyo ana bayanin wata dabara ta mutanen Japan, ikigai suke ce mata, wai dalilin da ke tashin mutum daga barci. Sai na baza garin katako a kan tebur, na zana miki da'ira huɗu da yatsa: abin da kike so, abin da kika iya, abin da mutane ke bukata, da abin da zai ciyar da ke. Na ce abin da ya faɗo tsakiya shi ne naki. Wallahi sunana na zaci za ki rubuta, har na fara gyara tsayuwa.

Kika miƙa yatsa, kika rubuta "ungozoma" a tsakiya. Ban taɓa ganin haske a fuskarki irin na ranar ba, kuma ba ni nake haskaka ta ba. Da kika ce in yi nawa, na sa ki a tsakiya. Kika yi dariya, kika share da tafin hannu, kika ce mutum ba sana'a ba ne, in sake nema.

Yanzu ga shi makarantar koyon ungozoma ta ɗauke ki, a garin da mota ke yini kafin ta kai, Innarki kuma ta ce a jingine maganar aurenmu sai kin gama. Ya abar ƙaunata, wa ya aike ni? Me ya hana ni kashe rediyon nan? Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Ina tsoron ki je ki ga duniya ta buɗe, ki dawo ki tarar shagona ya yi miki kaɗan. Da asuba ina farkawa, amma ba abin da ke tashina. Zarto ya yi mini nauyi, ƙanshin katako ya daina shiga hancina.

Ba zan ce kada ki tafi ba. Da wane bakin, bayan yatsana ne ya yi zanen? Roƙona ɗaya, in kin karɓi jaririn farko a hannunki, ki tuna teburin da aka fara maganar.

Akwatin da kika ce in haɗa miki na gama. Na so in ɓata shi, na so in ja aikin har motar ta tafi ta bar ki, hannuna ya ƙi. Na goge shi har ina ganin fuskata a murfin, na yi masa ƙaramin aljihu don kayan aikinki. Tun da na fara riƙe guduma ban taɓa yin aikin da ya kai shi ba, ban kuma taɓa manta kaina a cikin aiki haka ba. Kin ce in sake nema, to na samu, masoyiyata, kuma shi ne abin da za ki zuba kayanki a ciki ki bar ni.

Ki aiko a ɗauka, kada ki zo da kanki.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Kafintanki