Sa hannun Malam Isufu

Parakou, daren Laraba

Mako uku ke nan ina jiran lambar sirrin shiga sabon tsarin bayanan ɗalibai, yau ma ban samu ba. Na hau ofishin masu kwamfuta, mai kula da wurin ya juyo min da allon, ya ce, "Madam, a nan Adiza aka rubuta, a katinki kuma Hadizatu. Sai shugaban sashenku ya sa hannu cewa duk ke ce." Shekara tara ina aiki a jami'ar nan, yau ake neman shaidar ni ce ni!

Shugaban sashen namu kuwa, Malam Isufu, yana Djougou, mahaifiyarsa ta rasu.

Da na sauko, na tarar da Rakiya, ɗalibarmu, a bakin ƙofa. Tun daga Bariénou ta taso don takardar sakamakonta, kuma ranar Juma'a za a rufe neman gurbin ƙaro karatu. Ta ce, "Anti, in dawo gobe?" Na ce ta zo jibi da sassafe. Ta yi godiya har da durƙusawa, ni kuwa kamar in nutse. Makinta duk suna cikin kwamfutar da ke gabana, na kasa buɗewa.

Na kasa cin tuwo. Gobe da asuba zan shiga motar Djougou. Ban san yadda ake yi wa mutum gaisuwar uwa sannan a miƙa masa biro ba, amma zan yi. Allah Ya ji ƙan Innar Malam, ta yafe min.