Yadin Yaya Shekari

Talata, 9 ga Oktoba, 2007

Na raka Yaya Shekari asibitin Shika. Fararen ƙwayoyin jininsa sun sake hawa, daga dubu arba'in zuwa dubu casa'in. Likita ta ce haka kansar jini irin tasa take yi, ta yi ta hawa da sauka. Saifarsa ce ta kumbura, shi ya sa cikin ya turo. Ta ƙara masa kafso, ta ce ya riƙa shan ruwa da yawa. A hanyar Samaru sai cewa ya yi, "Jemimah, a gidanmu dai ni ne mai arziki, ko da na jini ne." Na yi dariya, ban so ba.

Lahadi, 14 ga Oktoba

An sanar a coci: auren Tabitha, 'yar Yaya, da Felix, 15 ga Disamba. Tunda uwarta ta rasu, Yaya kaɗai yarinyar nan take kallo. Ta ce shi zai miƙa hannunta, ba kawu ba, ba kowa ba. Ɗinkin anko duk a kaina, ni da na ce na huta.

Alhamis, 25 ga Oktoba

Mama Chisom, maƙwabciyar shagon ɗinkina a unguwar PZ, ta kawo galan na ruwan ganyen ugu da madarar gwangwani, wai a ƙara wa Yaya jini. Na ce mata nasa yawa ya yi, ba ƙaranci ba. Ta riƙe baki: "Jini yana yawa kuma?" Ni na shanye. Wallahi da daɗi.

Juma'a, 2 ga Nuwamba

Na gama na ƙawayen amarya. Yadin Yaya yana nan saman kabad, ban taɓa ba.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Na wuni Samaru. Na yi masa faten acca, ya ci har da ƙari. Muka zauna ƙarƙashin mangwaro, ni ina tura masa kofin ruwa, shi yana mita wai na mai da shi randa. Yana ta rera waƙoƙin kwayar coci, murya ba ta ko girgiza. Rana mai daɗi, kai!

Sai da zan hau acaɓa ya ce, "Auta, kowa kin auna shi ban da ni. Ko da zani zan je cocin?" Na ce ina jiran cikin ya sauka ne, kada in ɓata yadi.

Ba cikin nake jira ba. Na taɓa ɗinka wa mutum riga aka zo aka ce ba mai sawa. Tsoro nake ji, shi ke nan.

Talata, 13 ga Nuwamba

Ƙwayoyin sun kai dubu ɗari da goma. Ban ci abinci ba.

Laraba, 21 ga Nuwamba

Sabon awon magani ya fara bugar da shi, baki duk ya yi ciwo. Na koma dama masa kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa. Tabitha ta hana masu mura shiga ɗakin, har Fasto ta tsayar a ƙofa. Yaya ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce ko shugaban makarantar da yake aiki bai taɓa samun mai gadi irin wannan ba.

Talata, 4 ga Disamba

Adadin ƙwayoyin ya sauko zuwa dubu sittin. Likita ta ce kada mu saki jiki, zai iya komawa, amma tsayuwa a coci ba matsala.

Daga asibiti bai ce a kai shi gida ba, shago ya biyo ni. Ya shigo, ya ɗaga hannuwa sama a gaban kwastomomi. "Auna ni yadda nake yau, Jemimah. Mutumin yau ne zai je bikin." Na sa tef. Na rubuta awon a littafina.

Laraba, 5 ga Disamba

Na yanka yadin. Ƙugun wandon ya yi faɗi, amma na yi ɗinkin yadda farkewa ba za ta yi wuya ba. Mama Chisom ta leƙo ta ce ai wannan buhu ne. Na ce ta bar shi haka, da Ista zan rage masa.

Sai da ta fita na ji abin da bakina ya faɗa. Ista. To. Gobe maɓallai.