Mabuɗin da Ka Mayar Mini a Ɗakin Salla

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Zumuncin Fataken Yamma, benen Tianxiu, Guangzhou.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga yayansa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalin da ka baro gida da jama'ar da Allah ya ɗora maka. Ni ne Lawali mai shadda, na hawa na uku. Na liƙa wannan takarda a bangon ɗakin salla ne saboda a nan, a gaban jama'a, ka mayar mini da mabuɗina ranar Juma'ar da ta wuce. Abin da aka yi a fili, a fili ake amsa shi.

Don waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, ga yadda al'adar take. Tun da aka matsa kan biza saboda wasannin Olamfik, babu sauran leƙawa Makau da ke nan kusa a dawo da sabon hatimin biza. An ce kowa ya koma ƙasarsa ya nemo. Mai tafiya sai ya kai wa Shugaba mabuɗin shagonsa, Shugaba ya danƙa wa wani amintacce ya riƙa buɗewa. Dalili kuwa, laoban, wato mai benen, in ya ga ƙofa a rufe wata guda, wani zai ba. Bizata tana ƙarewa a ƙarshen wannan wata na Yuli. Na kawo mabuɗi. Ka juya fasfona, ka ce ƙasata, Muritaniya, ta fice daga ƙungiyar ƙasashen yankinmu na Yamma, don haka zumuncin bai hau kaina ba. Ka rufe da "mei you", wato babu, irin yadda 'yan kanti ke korar mai tayi. Aka yi dariya.

1. Gaskiya ne fasfona na Muritaniya ne. Mahaifina mutumin Maradi ne, rini ya kai shi Nuwakshot, a can aka haife ni. Ranar da manya suka yanke shawarar ficewa, ba wanda ya biyo ta rumfarmu ya ji ta bakinmu. A rediyo na ji, kamar yadda kai ma ka ji.

2. Ka san abin da ficewar ta yi mini? Da can nakan sari shadda da rini a Kano, in biyo ta Maradi da Yamai da Bamako har gida. Ba zan yi ƙarya in ce hanyar babu masu miƙo hannu ba, suna nan tun ina yaro. Amma a da, ɗan duwan, wato ɗan kwastan, na goro yake nema, ya ɗage shinge. Bayan shekara ta dubu biyu da aka fice, sai ya buɗe fasfo ya ce kai baƙo ne, a sauke kaya. In kwana a bakin iyaka ina kallon motar da ta kawo ni tana wucewa. Kano kuwa, garin da aka haifi mahaifiyata, sai da biza. Kuɗin hanya ya cinye riba, ya koma kan uwar kuɗi. Na rufe rumfar da na gada.

3. Teloli biyu ke mini ɗinki, dukansu baƙi daga ƙasashe maƙwabta. Da rumfa ta mutu, ɗaya ya koma garinsu. Ɗayan, Usmanu, ya yi ta buga-buga har ya gangara Nuwadibu ya hau kwalekwalen masunta zuwa Turai. Har yau mahaifiyarsa na bugo mini waya, domin tun da ya hau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ban ce ficewar ce kaɗai ta jefa shi teku ba, talauci ya riga ta zuwa. Amma ita ta kashe inda yake samun tuwo, ita kuma ta tunkuɗo ni nan. Shekara shida ke nan ina sayen shaddar masana'antar Sin ina aika wa mutanen da a da nake kai wa ta Kano.

4. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne wannan. Ɗan sandan da ke tare mu a gadar Xiaobei bai san Maradi ba, bai san Nuwakshot ba. In ya ce fasfo, dukanmu abu ɗaya muke a idonsa. Mu da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa tare, mu ne yau muka tsinko shingen duwan tun daga bakin hamada muka kafa shi a inda muke sujada. Bara da ake karo-karon jana'izar wani ɗan'uwanmu, tasar tara kuɗi ta zo gabana, ba a duba launin fasfona ba. Duk sanda kwantenar haɗin gwiwa ta rage gurbi ana neman mai cikewa, ana tuna hawa na uku. Ashe ni ɗan'uwa ne ranar bayarwa, baƙo ranar karɓa. Tir da wannan lissafi, Alhaji.

5. Ba zan ci haƙƙinka ba. Da na sauka garin nan ban san kowa ba, a ɗakinka na kwana, kai ka koya mini ciniki da kalkuleta. Na kuma san mabuɗai sun yi maka yawa bana, masu riƙewa sun yi kaɗan. Da haka ka faɗa mini, wallahi da na yi haƙuri. Ana raɗe-raɗin wai akwai mai jiran shagon nawa. Ban gani ba, ba zan ɗora maka ba.

Roƙona biyu ne. Ka karɓi mabuɗin nan kamar na kowa, domin in shagon ya tafi, ba ni da abin da zan dawo wa, can gida kuma rumfa ta riga ta mutu. Sannan a soke wannan sharaɗi gaba ɗaya, don ba ni kaɗai ba ne mai irin fasfon nan a benen.

Saura tuni ɗaya. Mabuɗin Alhaji Mamman na Maradi yana hannuna tun watan Mayu. Kai ka danƙa mini shi da hannunka, ranar ba ka nemi ganin fasfona ba. Kullum sai na buɗe nasa na share kafin in buɗe nawa. Yanzu zan tafi, dole amanar ta dawo gare ka, kuma na haɗa nasa da nawa a zobe ɗaya. Juma'a mai zuwa bayan an sallame zan ajiye su a gabanka. Ka ɗauke su tare. In kuwa ba za ka iya ba, ka zare nawa da kanka a gaban waɗanda suka yi dariya, ka miƙo mini.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa maka nauyin jama'a, ya kiyaye ka daga ranar da wani zai juya fasfonka ya ce maka babu.

Wassalam.

Ƙanenka,
Lawali mai shadda, hawa na uku.