Wuyan Sa Ya Yi Gyambo, Kuma Ba Nawa Ba Ne

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, sana'ata ɗaukar karan dawa da itace a amalanke in kai wa wani mai gidan burodi a Gumel, da shi nake ci da iyalina da mahaifiyata. Shanun biyu da ke jan amalanken ba nawa ba ne, na Baffa ne, wani Bafulatani aminin marigayi mahaifina. Bayan rasuwar mahaifina Baffa ya koro su har ƙofar gida, ya ce in nemi abinci da su, sharaɗinsa ɗaya, kada in wahalar masa da su.

To yanzu farin san wuyansa ya yi gyambo daidai inda karkiya ke zama. Na shafa magani, na naɗa tsumma, amma hanyarmu yashi ce, in suka ja sai wurin ya sake buɗewa. Malamin dabbobi ya ce sai an hutar da shi ya warke, in ba haka ba zai nakasa.

Na gwada hayar a-kori-kura, wallahi wahalar banza na sha. Shi kara cika ido gare shi, ba nauyi, ɗauri kaɗan ya cika bayan mota, kuɗin mai ya cinye ribar, ga ta kafe a yashi muka yini muna turi. Na roƙi mai gidan burodi ya ɗaga mini ƙafa, ya ce tanda ba ta san uzuri ba, in na yi fashi akwai masu jiran gurbina.

Mai ɗakina ta ce in je in faɗa wa Baffa gaskiya. Na san halinsa, ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi ya kora abinsa ruga, shi ke nan tukunyarmu ta sauka. In kuma na ci gaba, na ci amanar mutumin da ya rufa mana asiri.

Abin da ya karya mini zuciya, yau da safe da na ɗauko karkiya, da kansa ya matso ya sunkuyar da wuyan, ƙudaje na bin ciwon. Na kasa ɗora masa, na kuma kasa ajiyewa. 'Yan uwa, gobe ake jiran kaya a Gumel. In ɗaura shi ko in tafi ruga?