Takarda Ɗaya Ta Ce Ina Da Ciwon, Ɗaya Ta Ce Babu

Anti Jemimah, don Allah ki taimake ni kafin zumuɗi ya sa in ƙara wani shirme a kan na farko. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, sauri nake yi.

Ni malamar firamare ce a Palladan, 'yata ɗaya. Mijina Sati ya rasu a haɗarin mota a hanyar Funtuwa shekara shida ke nan, kuma tun daga lokacin ban san ɗa namiji ba. Na riga na cire aure daga raina. Sai ga Julius, wani kafinta a Sabon Gari, ya zo gyaran bencinan cocinmu, ya ƙare da gyara min ƙofar kicin wadda babu abin da ya same ta. Anti, ni da nake ba da waƙa a zumuntar matan coci, sai ga ni ina laɓewa bayan aji ina karanta tes ɗinsa a waya kamar 'yar sakandare! An je gaisuwa gidanmu a Zonkwa, an sa rana bayan Ista.

Fasto ya ce mu kawo gwajin ƙanjamau da na sikila. Na je wani lab, wato ɗakin gwajin jini, a Sabon Gari, don rawar kai na ce a gwada duk abin da ake gwadawa. Biyun da coci ta nema lafiya lau. Amma can ƙasa aka rubuta IgM, aka ce an ga hapis a jinina, wai ciwon ƙuraje ne masu ruwa da ke fitowa a al'aura, ana ɗaukarsa ta jima'i, kuma ba ya barin jiki. Ni ko ƙurji ɗaya ban taɓa gani a wurin ba. Na ce to daga wa, in ba Sati ba? Na sauke hotonsa daga bango na tura ƙarƙashin gado. Na tura wa Julius tes cewa a ɗaga bikin, ban faɗi dalili ba. Ya kira har ya gaji. Yanzu na ji yana cewa wai na raina shi ne don bai yi karatu mai zurfi ba.

Ƙawata Edith, wadda take nas, ita ta ja ni wani lab a Samaru, suka aika jinina Legas. Jiya sakamako ya dawo. Anti, babu! An rubuta IgG, hapis lamba biyu, babu! A bakin titi na taka rawa, 'yan acaɓa suna kallona suna dariya. Sai da na isa gida na lura akwai wani layin a sama: lamba ɗaya, akwai. Murnar ba ta tafi ba, amma kaina ya ɗaure. Ina da shi ne ko ba ni da shi? Wace takarda ce ta yi ƙarya? In yaga ta farkon in ruga shagon Julius in ce masa shaiɗan ne kawai ya shiga tsakani? Ƙafata ƙaiƙayi take yi.

Taki,
Mai Zumuɗi, Palladan

AMSA

Ƙanwata Mai Zumuɗi, ci gaba da rawarki, kina da dalili. Amma zauna tukuna ki ji. Ni ba likita ba ce, don haka na karanta wa wata likita wasiƙarki, ga abin da na fahimta.

Hapis iri biyu ne. Lamba ɗaya shi ne yawanci ke kawo ƙurajen nan da ke fitowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi. Yawancin manya suna ɗauke da shi tun suna yara, da dama ba su ma sani ba. Lamba biyu shi ya fi zama a al'aura. Gwajin farko da aka yi miki, na IgM, ba ya rarrabe tsakaninsu, kuma ya sha nuna akwai inda babu, shi ya sa likitoci ba sa dogara da shi. Na biyun ya rarrabe. Ya ce kina da lamba ɗaya, ba ki da lamba biyu. Gwajin yakan yi kuskure in bai wuce 'yan watanni da ɗaukar ciwon ba, amma ke shekaru ne rabonki da namiji, don haka amsarsa abin kamawa ce.

Sai dai kada ki mai da ni asibiti. Lamba ɗaya ma wani lokaci yakan sauka ƙasa, kuma jini ba ya faɗin inda ciwon yake zaune. Ki kai takardun duka biyu wurin likita a asibitin koyarwa. In wata rana kin ga ƙurji, ki je tun yana ɗanye a duba shi. Ko da ma an same shi, akwai maganin da ke kwantar da shi, masu shi suna aure suna haihuwa, illa dai a sanar da likita in an samu ciki.

Jini kuma ba ya faɗin wanda ya ba ki, ko yaushe. Kin yanke wa Sati hukunci ba shaida, shi kuma ba ya nan balle ya kare kansa. Mahaifin 'yarki ne, ki bar mata shi da mutuncinsa.

Batun Julius, na gane tsoron da ya rufe miki baki, kuma lafiyarki sirrinki ce, ba ta fasto ko zumunta ba. Amma shi aurenki zai yi, kuma kin bar shi yana zargin kansa a kan laifin da bai yi ba. Kada ki yaga komai, kada ki ɗora wa shaiɗan. Ki same shi inda babu jama'a, ki fara da ba shi haƙuri, sannan ki faɗa masa gaskiya tun daga farko. In ya yi fushi, ki bar shi ya huce, haƙƙinsa ne. Ki gayyace shi ku je wurin likitan tare, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Yadda zai karɓi maganar zai nuna miki irin mijin da za ki zauna da shi.

Ki je yau, kada ki tura tes. Ubangiji ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ku gida mai salama.

Anti Jemimah