Wa Ya Ba Ka Kyaftin Ɗinmu?

Zuwa ga Lubwama, sanyin idona, inuwar ayabata da tsakar rana, mai muryar da ta shiga kunnena ta ƙi fita,

Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa. Ina sonka yau kamar jiya, wallahi ko ɗigo bai ragu ba, amma ba zan ɓoye maka ba, hankalina bai kwanta da kai ba.

Ka tuna ranar da ka kai ni bakin tafki a Ggaba? Kifi ɗaya muka saya, kana cire ƙaya kana miƙo mini tsoka, iska tana wasa da mayafina. Kai, daɗin ranar nan! Ka tambaye ni me ya sa ban taɓa bari ka rako ni ƙofar gida ba, ni kuma na faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa namiji ba. Baba yana da taɓin hankali. Tun da mahaifiyarmu ta rasu shi ya raine mu, da ciwonsa da komai. Wani lokaci ya wuni yana kallon bango, wani lokaci ya tashi da ƙarfin mutum goma ya wanke kayan da ya wanke jiya. Na ba ka labarin damina a unguwarmu Bwaise, idan ruwa ya shigo ɗaki har gwiwa. Sai ya ɗora mu kan tebur, ya kifa tukunya a ka, ya riƙe muciya yana tuƙi, ya ce, "Kowa ya riƙe ɗan'uwansa, Kyaftin zai tashi!" Mu yi ta dariya, katifarmu tana iyo ba mu sani ba. Ka yi ƙwalla ranar, Lubwama, na gani da idona. Ko hayaƙin masu suya ne?

Asabar da ta wuce ƙanena Mukiibi ya dawo daga rumfar kallo inda kake fassara fim, fuska a murtuke. Ya ce fim ɗin Turawa ne, na wani uba mai ciwo irin na Baba yana rainon 'ya'yansa, rabi dariya rabi tausayi. Ya ce in je in ji da kunnena. Na je washegari, na raɓe a bencin baya. Baturen yana tsaye yana soya ƙwai, babu ruwa, babu jirgi. Da ya buɗe baki sai ka rage sautinsa, muryarka ta hau, muryar nan da nake mutuwar so: "Kowa ya riƙe ɗan'uwansa, Kyaftin zai tashi!" Rumfa ta kwashe da dariya, har wani ya faɗo daga benci. Masoyi, na yi makaranta fa. Abin da mutumin ya ce shi ne yara su wanke hannu.

Na san sana'arku. Kowa ya san mai fassara yana ƙara gishiri, kai da ka sa ɗan sandan Amurka ya nemi dafaffiyar ayaba da miyar gyaɗa. Da wannan bakin ka sace ni tun farko. Amma gishirin nan, daga tukunyar wa ka ɗebo shi?

Yanzu komai naka sai na sake juya shi. Tambayoyin nan naka masu taushi: wane magani Baba yake sha, yaya tafiyarsa take idan abin ya motsa, me yake kiran kajinsa. Da na ɗauka kulawa ce. Wayarka da kake kifewa a gabana idan ina magana, barci take yi ko saurare? Ni ka gani ka so, ko labari ka hango a bayana? Gwaggo, wadda ita ce za ta gabatar da kai ga danginmu ranar gaisuwa, ta ce, "Ke Nakawunde, mai sayar da surutu kika kwaso mana? Gobe har minsharina za ki ji a fim." Na kare ka a gabanta, na shiga ɗaki na yi kuka.

Wani tsohon maƙwabcinmu da ya kalli fim ɗin ya gane maganar, kuma ka san Bwaise da yaɗa zance. Shekaranjiya Baba zai wuce, 'yan acaɓan bakin layi suka miƙe suka sara masa: "Kyaftin, yau ina muka nufa?" Ya dawo ya zauna shiru. Na zuba masa ido, domin ya daɗe lafiya lau yana shan maganinsa, kuma na san da irin wannan shirun abin yake farawa. Can sai ya ce, "'Yata, da gaske an sa ni a fim?" Bai jira amsata ba. Ya ce, "To uban nan, a ƙarshe an bar masa 'ya'yansa?" Ban taɓa faɗa maka ba, kuma yanzu ina godiya da ban faɗa ba: sau da dama dangi sun zo da mota za su raba mu da shi, yana tare ƙofa. Ban san amsar tambayarsa ba, domin na fita kafin a gama.

Ya goge farar rigarsa, ya rataye ta a ƙusa. Asabar za mu zo, ni da shi, bencin gaba, kusa da inda kake zama da makirufo. Kada ka sauya fim, kada ka ce muryarka ta dushe. Baba ba ya jin Turancin mutanen nan, duk abin da Baturen zai faɗa, daga bakinka zai ji shi. Shi zai kalli allo, ni kuwa fuskarka zan kalla. Ya hasken safiyata, ka taimake ni ka ƙaryata zargina! Idan tare da shi kake dariya zan gane, idan shi kake wa dariya zan gane, domin tun ina kan teburin nan nake rarrabe su.

Taka, wadda ba ta da wani sai kai, kuma ba za ta sauka daga jirgin Kyaftin ba ko don kai,

Nakawunde